Hutu A Bakin Teku Da Ƙananan Yara: Daga Tudun Wada Zuwa Elmina

A wannan fitowa ina so mu ɗan jingine hirar lefe da kayan ɗaki, mu taɓa wata magana da ba kasafai ake yin ta a shafukanmu ba, wato fita ƙasar waje yawon buɗe ido tare da ƙananan yara.

A nan Tudun Wadar Zariya in aka ce wance ta fita waje, abu biyu ne ke zuwa zuciya, ko Umara ko sarin kaya a Dubai. Kwatano da Lome kuwa na maza ne, Alhaji ya saɓi jakarsa ya tafi shi kaɗai, bayan mako guda ya dawo da atamfa da turare, yara su yi ta tsalle, shi ke nan. Hutun yara iyakarsa gidan Gwaggo a Kano ko wajen Kaka a ƙauye. Yaron da ya tashi tsakanin Agoro da Ƙofar Doka, babban ruwan da ya sani shi ne Kubanni in ta kawo da damina, sai ko Galma. To amma akan sami magidancin da zai ɗauki iyalinsa su bi hanyar gaɓar teku har Gana, kuma duk gidan da aka shirya irin wannan tafiya, kun san wadda ake fara nema: budurwar gidan, ƙanwar maigida ko ta uwargida, wadda za ta riƙe yara. Sunanta 'yar rakiya, amma rabin nauyin tafiyar a wuyanta yake. Saboda ita na yi wannan rubutu.

Mu mutanen Zariya ba a koya mana darajar tafiya. Marigayi Alhaji Abubakar Imam yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin nan ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tun kafin shi kakanninmu fatake sun sha kora jakuna zuwa Gwanja fataucin goro, kuma duk inda ayari ya saba yada zango sai unguwa ta tsiro a wurin. Shi ya sa daga Kwatano har Kumashi unguwar baƙi Musulmi sunanta Zango. Wannan shi ne babban sauƙin hanyar ga mai yara, domin kuwa duk garin da kuka sauka akwai inda za ku ji kiran salla, ku tarar da mai koko, ku yi tambaya da Hausa a ba ku amsa da Hausa.

Mu bakwai muka yi tafiyar a hutun watan Agusta: Yaya da matarsa, 'ya'yansu uku, wato yarinya 'yar shekara tara, namiji ɗan biyar da goyo ɗan shekara ɗaya da rabi, sai ni da ƙanwarmu 'yar aji biyar a sakandare.

Takardu tun daga gida

Binin da Togo da Gana duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS wadda aka kafa a Ikko a 1975, kuma bisa yarjejeniyar 1979 ɗan Najeriya na shiga ƙasashen ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Kowane yaro sai da nasa fasfo, har na goye. Ana kuma neman katin allurar shawara, mai launin ɗorawa, wanda ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, saboda haka ba ranar tafiya ake nemansa ba. Yaranmu akan yi musu wannan allura suna wata tara, to a lalubo katin rigakafinsu a tafi da shi wajen karɓar na tafiya. In uwa ce za ta tsallaka da yara ba tare da ubansu ba, ta riƙe takardar amincewarsa da hannunsa a jiki, don a kan iyaka ana sa ido ƙwarai kan masu safarar yara, kuma gaskiyarsu ce.

Iyaka uku za ku tsallaka, Seme, sai Hilakonji tsakanin Binin da Togo, sai Aflawo a bakin Gana. A kowace sai an sauka daga mota an bi layi, ga 'yan canji, ga masu cewa kawo in taya ki, ga rana. Ƙanwata, a nan aikinki yake farawa. Manya hankalinsu na kan fasfo da kuɗi, ke naki ya tsaya kan hannun yaro. Mun rubuta sunan Yaya da lambar wayarsa a 'yar takarda mun saƙale wa kowane yaro a aljihu da fil, muka kuma sa musu riguna masu launi ɗaya mai haske yadda ko daga nesa za a hango su. Kuɗi ma kala biyu ne, sefa a Binin da Togo, sidi a Gana. Da kun shiga Togo kuma agogo ya koma baya da awa ɗaya, a kula saboda lokacin salla da na ba yara magani.

Daga Zariya zuwa Ikko a doguwar bas kwana ake a hanya, kuma wallahi ba wasa ba ce ga ɗan shekara biyar. Kada a kuskura a zarce Seme a ranar da aka sauka. A kwana a wajen 'yan uwa a Agege ko Idi Araba, yara su yi wanka su miƙe ƙafa.

Garin da ke bisa ruwa

A Kwatano abin da ya fara ɗauke wa yara hankali shi ne 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa, waɗanda ake kira zemijan, kamar an watsa gero. Ban ba ki shawarar hawa da goyo ba, a ɗauki tasi ko da ta fi tsada. Mun yi salla a babban masallacin Zango, sannan muka je ganin wani gunkin tagulla na mace jaruma riƙe da bindiga da takobi, tsawonsa mita 30, wanda aka ƙaddamar a 2022 don tunawa da rundunar mata ta sarakunan Dahome. 'Yar shekara taran nan tana ɗaga kai ta ce ai Sarauniya Amina ce. Muka yi dariya, amma daga nan hira ta ɓarke, ta gane ashe ba Zazzau kaɗai ta taɓa yin mata mayaƙa ba.

Ganbiye ita ce wurin da ba zan gaji da ba da labarinsa ba. Ƙauye ne, ko in ce gari, a tsakiyar tafkin Nokuwe, ana shiga jirgin ruwa daga Kalabi, tafiyar kamar rabin awa in mai inji ne. Gidajen duk a kan turaku suke cikin ruwa. Kasuwa a cikin kwalekwale ake cin ta, mai tumatir ta tuƙo nata, mai gawayi ta tuƙo nata, a yi ciniki jirgi na gogar jirgi. Ruwan sha ma da jarkoki ake zuwa ɗebowa a kwalekwale. Za ki ga yarinya wadda ba ta kai ta aji uku a firamare ba tana tuƙi ita kaɗai, ƙaninta zaune a gaba ko gezau. Masunta na kakkafa rassan itace a cikin tafkin su kewaye wuri, kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki, wato dai gona ce amma ta ruwa. Mutanen wurin ana ce musu Tofinu, kuma an ce kakanninsu sun gudo cikin tafkin ne don tsere wa mayaƙan Dahome masu kamun bayi, waɗanda al'adarsu ta hana su bin mutum cikin ruwa.

Abu biyu a nan. Kafin ku shiga jirgi ku nemi rigar kariya ta ruwa, a ɗaura wa yara, a zaunar da su a tsakiya, goyo kuma a sauke shi daga baya a riƙe a cinya. Na biyu, kada ki ɗaga waya ki hau ɗaukar mutane hoto ba izini. Matan wurin da yawa na juya baya ko su rufe fuska da malafa, kuma ban ga laifinsu ba. Ke ma in baƙo ya leƙo zaurenku ya hau ɗaukarki kina wanke-wanke ai ba za ki ji daɗi ba.

Teku ba Kubanni ba ce

A Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano, yaran suka fara tsayawa gaban teku sosai. Ɗan biyar ɗin ya yi shiru ya ƙura ido, can ya tambayi babansa wai ina ɗaya gefen. Daga nan sai murna, sai gudu, kuma a nan ne haɗarin tafiyar gaba ɗaya yake.

'Yar uwa, ki saurare ni da kyau. Tekun wannan gaɓa, tun daga Badagiri har Gana, tana da ja mai ƙarfi. Igiya in ta bugi tudu ruwan sai ya koma, kuma wajen komawar yana zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarki, ki ji kamar ana janye miki tabarma. Babba zai tangaɗa ya tsaya, yaro kuwa faɗuwa zai yi, igiya ta biyu ta zo ta same shi a kwance. A gabana ruwan da bai wuce idon sawu ba ya kayar da yaron nan, Allah ya sa ƙanwarmu na riƙe da wuyan rigarsa, takalminsa ɗaya ne kawai ya tafi. Akwai kuma wuraren da ruwan da ya taru a baki ke samun 'yar siririyar hanya ya kwarara ciki da gudu kamar kogi. Abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciya, ba kumfa ba hayaniya, sai baƙo ya ce ga inda ya fi lafiya. Wanda ya iya iyo in ya faɗa ciki ba a son ya yi kokawa da ruwan, sai ya bi ta gefe har ya fita daga hanyar. Mu da ba mu iya ba, iyakarmu inda rairayi ya jiƙe.

Mu mata muna da ƙarin matsala da ba a faɗa mana. Zani da dogon hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi su nannaɗe ƙafa, saboda haka wadda ke ganin za ta ruga ta ceto yaro tana iya zama ta biyu da za a nema. Dokar da muka kafa ita ce kowane yaro da babbansa, hannu cikin hannu, kuma ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. In kin ga masuntan wurin sun ɗaga muku hannu suna magana da yarensu, ko ba ki ji ba ki ja da baya, sun fi ki sanin ruwansu.

Cikin garin Wida akwai ɗakin tsafi na mesa, daura da babban coci, inda ake rataya wa baƙi maciji a wuya a ɗauki hoto. Wurin bautar wasu ne, mu dai daga waje muka tsaya. Ko wanda ya ga zai shiga, don Allah kada a tilasta wa yaro taɓa maciji wai don a yi dariya. Akwai tsohuwar ganuwar Turawan Fotugal ta 1721, wadda ba su bari ba sai 1961, sai kuma hanyar bayi mai kusan kilomita 4 daga tsakiyar gari zuwa bakin ruwa, inda aka gina wata babbar ƙofa a 1995 ana kiranta ƙofar da ba a dawowa. Da yara a mota ake bin hanyar, rana ba ta da sauƙi.

Kada ki ɗauka tarihin wasu ne can. Bayan jihadin 1804 yaƙe-yaƙe sun jefa Hausawa da yawa hannun masu fataucin bayi, aka fitar da su ta Ikko da Wida zuwa Bahiya a ƙasar Burazil, har suka yi ta shirya bore a can a 1807 da 1809 da 1814. A babban boren Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Akwai wani Muhammadu Gardo Baƙwaƙwa, haifaffen Jugu a arewacin Binin, mahaifiyarsa Bakatsiniya, wanda aka fitar ta wannan yanki wajen 1845, ya kuɓuta a Amurka a 1847, aka buga labarin rayuwarsa a 1854. Ke 'yar makaranta, wannan suna ne da ya kamata ki riƙe.

Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, kafin yara su gama gyangyaɗi kun iso Lome, kuma iyakar Gana a ƙarshen garin take.

Ankara, kamar gida

Akara, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, nan muka huta kwana uku. A Nima da Mamobi da Sabon Zango Hausa ake yi a titi, sai dai Hausar tasu ba ruwanta da bambanta mace da namiji, za ki ji an ce yarinyan nan, mota ne. Na ce Allah sarki, ashe abin da Kanawa ke tsokanar mu Zazzagawa da shi muna da 'yan uwa a bakin teku. Abinci bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Da safe koko da ƙosai, wanda su kansu mutanen Gana ke kira kokon Hausa, da rana shinkafa da wake da suke ce wa wace, da dare tuwon zafi. Sai dai yajinsu baƙi mai suna shito a nisanta shi da bakin yaro. In kun bar Zango kun shiga ƙauyukan masunta a riƙa tambaya kafin a sayi nama, don ana gasa alade a bakin hanya. Kifi ya wadatar. Ruwa kuwa na roba kawai, kuma a riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In ya ƙare, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Gudawa ita ce ke saurin kayar da yaro a hanya. Gidan sauro ma a cusa shi cikin Gana-mas-go tun daga Zariya. Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ginin Turkawa da aka buɗe a 2021.

Daga Akara zuwa Kef Kos kusan kilomita 150 ne, Elmina kuma na gaba da ita kaɗan. Elmina garin masunta ne, in kin tsaya kan gadar da ke bakin ganuwa za ki ga ɗaruruwan jiragen katako masu fenti da tutoci, mata da manyan kwanoni suna jiran kifi, hayaƙin banda ya turnuƙe unguwa. Yara sun fi son wannan kallo da komai. Amma kada ku sa ranar Talata, don a al'adarsu ba a fita su ran nan.

A shiga da yaro ko kada a shiga?

Ganuwar Elmina Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, ta koma hannun Ingilishi a 1872. Nan aka tsare Sarkin Asante Firempe na ɗaya bayan kama shi a 1896. Ta Kef Kos kuwa ita ce mazaunin mulkin Ingilishi har 1877 da aka koma Akara, kuma a 2009 Shugaba Obama ya kai matarsa da 'ya'yansa mata biyu suka zagaya ta. Daga waje farare ne tas, ga iska, ga tsofaffin igwa jere suna kallon teku, yaro zai ɗauka gidan sarki ne. Ƙarƙashinsu kuwa ɗakunan duhu ne inda ake cusa ɗaruruwan mutane makonni suna jiran jirgi, a nan za su ci, a nan za su yi bayan gida. A Kef Kos ɗakin ibadar Turawan a saman kurkukun maza yake. A Elmina mai zagayawa da baƙi zai nuna muku tsakar gidan mata, da barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, da matakalar da ake hawa da ita ɗakinsa, da dunƙulen ƙarfen igwa da ake ɗaure wadda ta ƙi a rana. Matan nan da yawansu sa'o'inki ne. Ƙanwarmu da ta fito ba ta iya cin abinci ba sai dare.

Ra'ayina, yaron da bai kai bakwai ba kada a sauka da shi ƙasa. Akwai zafi, akwai wari, kuma masu zagayawar kan rufe ƙofar wani ƙaramin ɗaki na ɗan lokaci don baƙi su ɗanɗana duhun, abin da zai iya hana yaro barci kwana da kwanaki. Mun raba kanmu biyu, matar Yaya ta zauna sama da ƙananan suna kallon jirage, da muka fito ita ma ta shiga. 'Yar shekara taran mun shiga da ita bayan babanta ya yi mata bayani tun a masauki, aka kuma ce duk inda ta ji ba ta so ta matsa hannuna mu fita.

Ba ta matsa ba. Sai da muka fito ta yi tambayar da na san za ta zo, wai su wa suka sayar da su. Da sauƙi a ce Turawa ne a rufe magana, amma Yaya bai yi haka ba. Ya gaya mata Turawa ne suka kawo jirage suka saya, amma waɗanda suka kamo suka kawo bakin teku baƙaƙe ne irinmu, kuma ƙasar Hausa ma an yi bauta, Zazzau na da rinjoji na bayi masu noma har zuwan Turawa. Ta yi shiru, sannan ta ce in mun koma a kai ta ta ga ganuwar Zariya da masallacin Juma'a na Babban Gwani, tunda kullum ana wucewa da ita ta Ƙofar Doka ba wanda ya taɓa tsayawa ya ba ta labari.

Akwai dajin Kakum kamar kilomita 30 arewa da Kef Kos, mai gadar igiya a saman itatuwa. Ƙanwarmu da babbar yarinyar sun hau sun dawo suna ta cika baki, mu masu ƙanana muka jira a ƙasa, don gadar lilo take yi kuma ba wurin goyo ba ce.

Wajen dawowa a bar aƙalla kwana huɗu kafin a koma makaranta, saboda gajiyar hanya sai an iso gida take fitowa, kuma duk yaron da ya yi zazzaɓi a makonnin farko a kai shi gwajin jini, a faɗa wa likita inda aka je. Ke kuma 'yar rakiya, tun kafin a tashi ki roƙi Anti ta ware miki yini ɗaya naki na kanki, ki shiga kasuwar Makola ki zaɓi atamfarki ba tare da kowa na jan gefen hijabinki ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.